Ganyen da Inna Zaliha Ta Ajiye wa Kanta

Ni makitsiya ce tun ina budurwa, kuma duk mai son sanin inda labarin gari ke kwana, shi tambayi makitsiya. Mace in ta aza kanta bisa cinyarki, kinka sa tsinke kinka tsaga, to bakinta ya buɗe ke nan, ba ya rufuwa sai kin gama kitson ƙarshe. Don haka duk abin da anka faɗa kan Inna Zaliha cikin Tawa kunnena ya riga na kowa jin shi, kuma wallahi rabinshi ƙarya ne, sauran rabin wauta. Ni Habi, darni guda ya raba gidana da nata. Ku bari in ba ku nawa.

'Yar Barmu ce. Can anka haife ta, can anka aurar da ita ga Almustafa mai jakai, wanda ke ɗauko itace daga daji shina saidawa. Da ya ga itace ya fi ciniki a Tawa, sai ya kwaso ta da jakanshi sunka kafa ɗaki bakin gari, inda hanyar Barmu ke shigowa. Ta haihu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ba wanda ya kai yaye. Almustafa ya rasu ana saura kaɗan a sauke tutar Nasara. 'Yan uwanshi sunka zo sunka kora jakan, ita anka bar mata ɗaki da turmi da wata magarya da ke bayan ɗakin.

Aikinta wankan gawa. Wurin kakarta ta koya tun tana Barmu, kuma duk macen da ta mutu a unguwarmu, tsohuwa ko jinjira, hannun Inna Zaliha ne na ƙarshe da ya taɓa ta. Ba ta yanke lada. Wani gida su aiko da gero, wani gida tsohon zane, wani gida su manta. Kuma abin da ta gani jikin mamaciya ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni da nike gwanar tonon baki na gwada na gaji. Abu guda ya tsaya mata a rai tun sanda na san ta har ta bar duniya: ita da ta wanke matan gari, ran nata wankan wa zai tsaya kanta?

Shekarar da anka samu 'yancin kai anka kawo ni amarya daga Bambeye. Mijina Attahiru kamar sauran mazan Adar ne, ana gama yankan gero shi ɗaure jaka sai Abijan, ba a ganin shi sai hadari ya fara taruwa, wata shekara ma hadarin shi zo shi wuce babu shi. Sai ga mu mata biyu, darni tsakani, kowace da tukunyarta. Ni dai aƙalla mata na zuwa kitso. Ita kuwa in kin ji sallama ƙofarta, to an yi rasuwa.

Wata safiya da kaka na leƙa ta saman darni na gan ta gindin magarya. Ta jawo reshe da ƙugiya, ta kama ganye guda da yatsu biyu, ta juya shi wajen rana, ta runtse ido ɗaya tana kallo. Ta sake shi, ta kama wani. Wannan ta tsinke. Haka take yi ganye bayan ganye, ga ƙaya na kama mata zane.

Na ce, “Inna, ganyen ma sai an yi mashi duban amarya? Ki kama reshe ki zage mana, rana na yi!”

Ta ce, “Zagayo ki gani, mai baki.”

Na zagaya. Ta nuna mani wani ganye mai farin zane a jiki. Zanen ya fara siriri kamar gashi, shina lanƙwasawa shina komowa, shina ƙara faɗi, da ɗan baƙin layi ta tsakiya. Na sha ganin irinshi, ban taɓa kula ba. Ta ce in ɗaga shi wajen rana. Da haske ya ratsa ganyen sai ga wata 'yar tsutsa ƙarshen zanen, ba ta fi ƙwayar gero ba, tana motsa kai.

Ta ce, “Ba bisa ganyen take ba, ciki take, tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Nan ta buɗe ido, nan take ci, nan take kwana. Farin nan hanyar da ta ci ce, baƙin nan kashinta ne. Tun da take ba ta taɓa ganin 'yar uwarta ba. Ko su biyu sunka faɗo ganye guda, kowace hanyarta daban.”

Na ce, “To sai mi?”

Sai ta nuna mani wani, shi kuma zanen ya ƙare da 'yar tsaga, ciki fayau. Ta ce in tsutsar ta ƙoshi nan take hudawa ta fita. Ta taɓa karyo reshe ta sa cikin kasko ta rufe da faifai, don ta ga ƙarshen abin. Bayan kwanaki ta buɗe, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike, toka-toka, sunka tashi kamar ƙaiƙayi. Su ke komowa su aza ƙwai bisa sabon ganye. Ba wanda ya san sunan abin, ita dai “baƙon ganye” take ce mashi. Ta ce magarya shike sauka da kurna, don kurna 'yar uwar magarya ce. Kalgo ma na da nashi baƙon, amma wancan ba ya zane, tabo shike yi kamar ƙuna. Sabara kuwa ga ta nan kusa, ba ta taɓa ganin ya kula ta ba.

Na ce, “Duk na ji. Amma mi ya hana ki zage ganyenki ki huta?”

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, “Habi, ganyen nan shanyawa za ni yi in daka, in kaɗa cikin ruwa in wanke baiwar Allah da shi. In daka mai rai in zuba wa matacce? Ta tafi gaban Ubangijinta da alhakin tsutsa a jiki?”

Ka ji dalilin. Mai tsutsa ciki ta bar shi bisa reshe. Lafiyayye marar tabo ta tsinke don mutane. Mai zane wanda baƙon ya riga ya fita kuwa, shi ma tana tsinkewa, amma wata 'yar ƙwarya mai marfi take zuba shi daban. Ta ce wannan mai shi ya tashi, babu laifi a daka shi, sai dai dangin mamaci ba su son ganin tabo. Na ce to wa za ta wanke da shi? Ta ce, “Akwai wadda ba ta da dangin da za su ƙi.” Na ɗauka baƙi take nufi, irin masu mutuwa bisa hanya, na koma ga tukunyata.

Yanzu ga inda tsiya ta faro. Akwai wata yarinya Salamatu, matar wani kwami mai aikin ofis, tana da tsohon ciki. Ta biyo ta bayan gidanmu za ta rijiya, Inna na tsaye da ganye ɗage wajen rana. Ta sauke ganyen ta dubi yarinyar, ta ga ƙafafu sun kumbura har idon sawu ya ɓace, fuska ta yi suntum. Ta ce, “Ɗiyata, ki bar ɗaukar tulun nan, ki ce wa mai gidanki shi kai ki likita.” Abin da duk tsohuwa mai ido za ta faɗa ke nan. Mata biyu na tare da Salamatu sunka ji. Ba a ci kasuwar Lahadi biyu ba yarinyar ta rasu wurin haihuwa, Allah shi jiƙanta.

Kafin a share makoki magana ta gama unguwa: Zaliha ta gani a ganye. Wai farin zanen nan rubutu ne, sunan wanda zai mutu ake rubuta mata, ita kuma ta ɗaga wajen rana ta karanta. Mu fa mutane ne da munka tashi muna ganin malam shi yi 'yan lanƙwashe-lanƙwashe bisa allo a wanke mu sha mu warke. To ga lanƙwasa bisa ganye, ba alƙalami ba tawada, kuma a hannun mai wankan gawa. Mi kuke jira? An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wagga kam ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Kamar da gayya, kaka ta zagayo baƙon ganye ya yi yawa har ba ka samun ganye mai lafiya sai ka sha wuya, magaryar ta yi fari-fari daga nesa. Da rani kuma baƙon dauro ya shigo gari ya kwashi yara. Shi ke nan. Sunka ce ai dama sun ga sunaye sun yi yawa.

Daga nan rayuwar Inna ta ƙuntata. In ta iso rijiya sai a dare mata, kowace ta tuna ta bar tuwo bisa wuta. In ta ji wata ba lafiya ta tafi gaisuwa, tun daga nesa a saki asabari a ce mai jiki na barci. Goron suna da na aure ya daina isowa ƙofarta. Uwa in ta hango ta sai ta juya goyonta wajen bango. Amma fa ran da mutuwa ta shiga gida, da gudu ake aikowa, kuma ba ta taɓa cewa a'a ba. Ta ɗauki ƙullin garin magarya da tsummanta ta tafi, ta yi aikinta, ta fito a buɗe mata hanya kamar mai ɗauke da wuta. Abin na ƙona mani rai har yau in na tuna.

Wata rana Kadidiya matar mahauci, kanta bisa cinyata, ta rage murya ta ce, “Habi, ke da kike kusa da ita, don Allah ki bincika mani ko sunana ya fito.”

Na ja kitson sai da ta yi ƙara. Na ce, “Ke Kadidiya, ki ji tsoron Allah! Matar da ko alif ba ta sani ba, ita za ta karanta abin da liman bai karanta ba?” Na tashi na bar kan nata rabi a tsefe, na tsinko ganye, na sa tsinken kitso na farke zanen gaban idonta, na nuna mata 'yar tsutsar tana juyi. Na ce, “Ga malamin naku nan. Gaishe shi.”

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “To wa ya koya wa tsutsar rubutu?”

Na jawo kanta na mayar bisa cinyata. Na gama mata kitson, kuma na tabbata ta kwana uku ba ta iya juya wuya ba.

Inna ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba. Ta ce bakin mutane ba rijiya ba ne balle a rufe shi da faifai. Abin da ya dame ta shi ne ba wadda za ta zo koyo kuma. Da akwai wata bazawara da ke riƙa mata buta wurin wanka, tun maganar ganye ta janye jiki. Sai Inna ta shirya ta hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Barmu, wurin Hajaratu ɗiyar wanta, ko za ta zo ta zauna da ita ta koyi aikin. Ashe labari ya riga ta isa. Anka karɓe ta da fura, anka shimfiɗa mata tabarma can gefe, Hajaratu kuwa anka ce ta tafi ƙauyen mijinta. Ta kwana biyu ta komo ita kaɗai da ƙullin kayanta bisa kai.

Cikin kwanakin da ba ta nan wata baƙuwa ta sauko daga mota a tasha ba lafiya, ta mutu gidan wata mai tuwo da ta tausaya mata. Ba mai wanka, kuma gawa ba ta jira. Matan da anka tara sunka tsaya bakin ƙofa, wagga ta tura wagga, ƙarshe sunka riƙa watsa mata ruwa da bokiti daga nesa, kamar masu wankin tabarma. Anka naɗe ta da danshi anka kai. Wurin kitso na ji, kuma ban yi niyyar Inna ta ji ba, amma zancen duniya ba ya ɓuya.

Da la'asar ta kira ni bakin darni. Ta ce, “Gaskiya ne, da bokiti?”

Na ce gaskiya ne.

“Sun rufe mata jiki?”

Na kau da kai.

Ta kama karan darni ta riƙe. Sannan ta ce, “Habi, mutuwa rigar kowa ce, ba ita nike tsoro ba. Na wanke uwayensu, na wanke ɗiyansu, ban taɓa bari iska ya ga tsiraicin ko ɗaya ba. Ni haka za a yi mani, da bokiti?” Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan. Ta share da bakin zane ta ce, “Ki zo in koya maki. Hannunki na da taushi, na ga yadda kike riƙe kan mutane.”

Na ce, “Inna, ki roƙe ni komi ban da wannan. Ni ko mushen kaza na gani sai na canza hanya. Kuma hannun da ya taɓa gawa, wace amarya za ta ba shi kanta? Attahiru shina can, aikenshi sai an ga dama. Da kitson nan nike ci.”

Ta ce, “Gaskiyarki.” Ba ta sake tayar da maganar ba.

Anka ɗau lokaci. Shekarar da masu lamba sunka zo da allurarsu mai kama da bindiga, anka jera yara bakin lakwal, makarantar boko, ana yi masu, shekarar ce ƙafafun Inna sunka ƙi. Ta ce gwiwoyi sun riƙe, ba ta iya tsugunno, hannu ba ya kai baya. Na riƙa miƙa mata kunu da safe, tuwo da marece. Wata Juma'a ta ce, “Habi, jikina ya yi tsami. Ko za ki taimake ni in yi wanka?”

Wannan ai ba abin ƙi ba ne. Na ɗora ruwa.

Jama'a, ban taɓa ganin tsohuwa mai tsirfa wurin wanka irin Inna Zaliha ba! Ta ce ba ta iya zama, sai dai ta kwanta bisa gadon kara. Ruwa ya yi zafi, a sirka. Ya yi sanyi, a ƙara. In rufe ta da zane daga ƙirji har gwiwa, in riƙa zuba ruwa ta ƙarƙashi. Na ce, “Haba Inna, ranar wanka ba a ɓoyon cibi!” Ta ce, “Nawa a ɓoye shi.” In naɗe hannuna da tsumma. In fara yi mata alwala don hannunta ba ya ɗaguwa. Na kama hagu, ta ce, “A'a, fara da dama.” In juya ta a hankali, in tallafi kai, kada in bari hannu shi faɗi. Ruwan fari zalla, na biyu da garin magarya, a kaɗa sai ya yi kumfa, wai shina sa fata laushi. Na uku kuma zalla. Da na gama ta ce in tsefe mata kai in kama shi gida uku in sako ta baya.

Na ce, “Ni da nike zanen yawo da shuku, ni za ki sa kalaba uku kamar ta yarinyar goye?”

Ta ce, “Kaina ne ko naki?”

Haka muke yi duk Juma'a, ina mita tana gyara mani. “Kin yi gaggawa.” “Kin bar bayan kunne.” “Ba a magana da ƙarfi bisa kan mutum.” Na san ku da ke saurare kun riga kun gane. Ni kuwa sakarya ban gane ba, don ban taɓa tsayawa inda ake wankan gawa ba, ana fara ɗora ruwa nike sulalewa. Na dai lura da abu guda: ƙwaryar nan mai marfi tana rataye can sama cikin ragaya, kuma in na taɓa ta wurin shara sai in ji ta ƙara nauyi. Na ce, “Inna, wa ke tsinko maki ganye, ke da ba ki iya tashi?” Ta ce iska ke kaɗo su. Iskan da ke zaɓen ganye shi buɗe marfi shi zuba, ban taɓa jin irinshi ba, amma na bar ta.

Wata Juma'a bayan an yanke gero na yi mata wankan tun daga alwala har kitso ba ta ce uffan ba. Na ce, “Yau lafiya, bakin ya mutu?” Ta ce, “Yau babu gyara.” Ta kama hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce saura abu guda, shina cikin ƙwaryar can, ran da na buƙata zan gani.

Ba a kai wata Juma'ar ba. Na shiga da kunu da hantsi na iske ta kwance bisa damanta, fuska gabas, ta ja zane har kafaɗa. Na kira, na sake kira. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kunun ban san inda na ajiye shi ba.

Maza sunka taru waje, anka tafi haƙa. Mata sunka cika tsakar gidana, ba nata ba, suna leƙe ta saman darni. Liman ya aiko a ce wa mata su hanzarta, rana na ɗagawa. Kowace ta dubi ƙasa. Wagga ta ce tana da goyo, waccan ta ce ba ta da tsarki, wata ta ce zuciyarta ba ta ɗauka. Can sai na ji wata daga baya, ban ga ko wace ce ba kuma gara da ban gani ba, ta ce, “To a kawo bokiti mana.”

Kaina ya yi zafi. Na ce, “Bokiti? Uwarki da ta mutu da bokiti anka wanke ta?” Na ture su na zagaya na shiga ɗakin. Wallahi ba da niyyar wanka na shiga ba, ban san dai abin da za ni yi ba, so nike in tsaya tsakaninta da su. Na matsa bakin gadon. Na ga zanen ya zame daga gwiwarta, na ja na rufe. Na ga tsumma rataye inda nike rataye shi, na ɗauka na naɗe hannuna. Sai na tsaya ina kallon hannun.

Nan na gane. Na zauna bakin gadon karan na yi kuka, ina kuka ina yi mata faɗa. Na ce, “Amma Inna ke muguwar wayo ce. Wata da watanni kina kwance kina mutuwa duk Juma'a, ni ina mita.”

Na sauko da ƙwaryar. Ƙullin kafur ne a sama, na ruwan ƙarshe, abu guda da ta ɓoye mani don ƙamshinshi da ya tona ta. Ƙarƙashi kuwa busasshen ganyen magarya cike, kowane da farin zanenshi. Wadda ba ta da dangin da za su ƙi. Shekara da shekaru tana ba matan gari lafiyayyen ganye, tana tara wa kanta wanda sunka raina.

Na fito da ƙwaryar bakin ƙofa don in daka. Na san ta duba su ɗaya bayan ɗaya, amma na san kuma da tana tsaye sai ta ce a sake dubawa. Na ɗauki guda na ɗaga wajen rana. Na ji matan sun ja numfashi bayan darni, wata ta yi salati. Ban kula su ba. Haske ya ratsa zanen tun daga inda ya fara siriri har 'yar tsagar ƙarshe. Babu kowa ciki, mai shi ya tashi.

Na daka, na kaɗa sai da ya yi kumfa. Na leƙa na ce ina son mai zuba mani ruwa. Kowace ta ja baya. Sai Kadidiya matar mahauci ta ɗaure zanenta ta zagayo, ta ɗauki buta. Na yi wa Inna alwala, na fara da dama, na tallafi kai, ban bari hannu ya faɗi ba, ban manta bayan kunne ba. Iska bai ga jikinta ba. Na kama kan gida uku na sako ta baya, kuma duk kitson da na yi a duniya ban taɓa yin wanda na natsu kanshi kamar wannan ba.

Abin da na ji tsoro ya faru. Amare sunka daina zuwa, sannan uwayensu. Tsofaffi kaɗan sunka rage mani, su da sunka san ba da daɗewa ba za su zo hannuna ko sun so ko sun ƙi. Da Attahiru ya komo ya yi faɗa kwana biyu, ya gaji, ya koma Abijan ɗinshi. Rasuwa ta farko bayan Inna, ƙofata anka buga. Na ɗauki ƙugiyarta na tafi gindin magarya, kuma ba a daɗe ba na ji wai ni ma na iya karatu.

Yanzu ga ni na kai shekarunta har na wuce. Magaryar na nan, gari ya zagaye ta, baƙon ganye na sauka duk kaka. Idona ya rage, sai na kai ganyen dab da hanci nike ganin ko da kowa ciki. Ina da 'yar ƙwaryata mai marfi. Yaran yanzu sun yi lakwal, ba su cewa ina karanta sunaye, amma ko ɗaya ba ta taɓa cewa in koya mata ba, kuma wadda na tuntuɓa sai ta yi dariya ta ce, “Rufa mani asiri, Inna.”

Juma'ar da ta wuce na kira Saratu matar ɗana. Yarinya ce mai hannu da taushi, ga baki kamar nawa. Na ce mata gwiwoyina sun riƙe, ko za ta taimake ni in yi wanka. Ta ce to, ta ɗora ruwa. Na kwanta bisa gado na ja zane har gwiwa. Ta kama hannuna na hagu.

Na ce, “A'a, ɗiyata. Fara da dama.”